Tambayoyi da amsoshi kan antibodin da ake binciken ATP sintes na mitokondiriya da shi

Wannan shafi na masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje ne: ɗaliban digiri na biyu da na uku, masu fasahar lab, da duk wanda ke shirin sayen antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki mai kama abu guda takamaimai, don nazarin ATP sintes, enzayim ɗin da ke ƙera mafi yawan ATP, sinadarin da sel ke samun kuzari daga gare shi, a jikin mutum da dabba.

Me antibodin ke kamawa a zahiri?

Ɓangare guda ne kawai yake kamawa. ATP sintes taron furotin ne wajen iri 17 zuwa 18 a jikin dabbobi masu shayarwa, nauyinsa gaba ɗaya ya kai kusan 600 kDa (kilodalton, ma'aunin nauyin furotin), kuma gida biyu ne. Akwai kai, wanda ake kira F1, yana leƙe cikin ruwan tsakiyar mitokondiriya, sashen sel mai samar da kuzari, ɗauke da alfa uku, beta uku, da gama, delta, efsilon ɗaiɗai. Akwai gindi, Fo, wanda ke binne a tantanin ciki. A nan ake samun ɓangaren a, zoben c mai gaɓa takwas, da sandar gefe wadda ta haɗa b, d, F6 da OSCP. Furoton, wato ƙwayar haidirojin mai caji, na ratsawa ta tsakanin a da zoben c, zoben ya juya, ya juya gama, kowane zagaye ɗaya ya fitar da ATP uku daga bakin beta. Bayanin wannan juyi ne ya sa Paul Boyer da John Walker suka samu kyautar Nobel a 1997.

Don haka idan kwalba ta ce antibodin ATP sintes, abin da ke ciki antibodin alfa ne, ko na beta, ko na wani ɓangaren. Kafin a biya kuɗi a duba wanne ne.

Me ya sa ɓangare ɗaya ke da sunaye biyu ko uku a kasidun kamfanoni?

An sauya sunayen ƙwayoyin gadon, kasuwa kuma ba ta gama bi ba. ATP5A1 shi ne ATP5F1A, wato alfa. ATP5B shi ne ATP5F1B, beta. ATP5O ya koma ATP5PO, shi ne OSCP. ATP5G1 zuwa 3 sun koma ATP5MC1 zuwa 3, dukansu ukun ɓangaren c suke samarwa. ATPIF1 ya zama ATP5IF1. A yi nema da tsohon suna da sabo. A kula kuma da ATP6V1A da danginsa: na famfon laisosom ne, sashen sel mai narka shara, ba su da alaƙa da MT-ATP6 na mitokondiriya duk da kamar sunan.

Wane ɓangare ya kamata na zaɓa?

Tambayar bincikenka ce ke zaɓa, kuma a nan yawancin kuskure ke farawa.

Idan so kake ka nuna inda mitokondiriya suke a cikin sel, ko ka ga yawan kan F1, alfa ko beta sun isa. Suna da yawa ƙwarai, antibodinsu na da ƙarfi, kuma tsarinsu bai sauya sosai ba tsakanin mutum, saniya, ɓera da kifi. Daga cikin waɗanda aka fi gani a takardun bincike akwai 15H4C4 na alfa da 3D5 na beta, dukansu monokulonal na ɓera.

Idan kana zargin matsala a DNA na mitokondiriya, alfa ba zai gaya maka komai ba. Ɓangare biyu kacal, a da A6L, wato MT-ATP6 da MT-ATP8, ake ƙerawa daga DNA na mitokondiriya. Sauran duk daga cibiyar sel suke. Sel da aka raba da DNA na mitokondiriya gaba ɗaya, irin waɗanda King da Attardi suka samar a 1989, har yanzu suna nuna layin alfa, domin kan F1 na haɗuwa ko babu ɓangaren a. Mai irin wannan bincike antibodin MT-ATP6 yake bukata, kuma ya san cewa samun mai kyau ya fi wuya, saboda furotin ne mai ƙin ruwa, ba shi da gurbi da yawa a waje da antibodi zai kama.

Idan binciken na cutar taruwar shara a laisosom ne, wadda ake kira cutar Batten, ɓangaren c ake nema, domin shi ne ke taruwa a laisosom a wasu nau'o'inta kamar CLN2 da CLN3. Masu nazarin sankara sukan haɗa beta da IF1, ƙaramin furotin da ke toshe enzayim ɗin. Rukunin José Cuezva a Madrid ya daɗe yana auna beta a kan GAPDH, enzayim na ƙona sukari, a matsayin alamar karkatar ƙari zuwa ƙona sukari ba da iskar oksijin ba. Masu son sanin ko sandar gefe ta haɗu kuwa, OSCP ko d ko b.

Shawararmu ga wanda kuɗinsa zai iya sayen biyu: ɗaya daga F1, ɗaya daga Fo. Biyu daga F1 kusan magana ɗaya za su maimaita.

Monokulonal ko polikulonal? Na ɓera ko na zomo?

Monokulonal gurbi ɗaya yake kamawa, kuma abin da ka saya bana shi za ka samu baɗi. Polikulonal gurbi da yawa yake kamawa, yakan fi jure sauyin siffar furotin, amma kowace zuba daga wata dabba take, don haka a rubuta lambar zubar a littafin lab.

Batun dabba ya fi muhimmanci. Idan samfurinka naman ɓera ne, kuma antibodin farko na ɓera ne, antibodi na biyu, wanda ke kama na farko don ya nuna inda yake, zai kama har da IgG, wato antibodin ɓeran kansa, da ke cikin jinin naman. Babbar sarƙar IgG tana fitowa wajen 50 kDa, dab da beta mai 52 da alfa mai 55 a Westan bulot, gwajin da ke raba furotin a jel bisa nauyi ya nuna kowanne a matsayin layi. Wannan kusanci ya isa ya rikita sakamako. Mafita uku ce: a sayi na zomo, ko a wanke jini daga dabbar da ruwan gishirin PBS kafin a cire naman, ko a yi aiki da tatacciyar mitokondiriya. A kowane hali a gudu da layi ɗaya wanda ba a sa wa antibodin farko ba; abin da ya fito a nan ba ATP sintes ba ne.

Yaya ake yin Westan bulot mai tsabta na alfa ko beta?

A narka sel a bofar RIPA mai maganin hana narkewar furotin, a kan ƙanƙara, minti 20 zuwa 30, a juya a santirifuj wajen 14,000 g na minti 10 a digiri 4, a auna furotin da BCA. A loda 10 zuwa 20 µg idan sel ne da aka rena a kwano. Idan zuciya ce ko tsoka ko ƙoda, 2 zuwa 5 µg ya wadatar, tatacciyar mitokondiriya kuma ƙasa da haka. Jel mai kashi 10 ko 12 cikin ɗari, a kwashe zuwa takardar PVDF, a toshe da madarar gari marar mai kashi 5 cikin ɗari a TBST na awa ɗaya. Antibodin farko a fara da 1:1000, a bar shi kwana a digiri 4. Wanki uku na minti 10, na biyu 1:5000 zuwa 1:10,000 na awa ɗaya, wanki uku kuma.

Matsalar alfa ita ce yawansa. Layin yakan cika har na'ura ta daina bambance 10 µg da 20 µg, sai mai bincike ya rubuta cewa babu canji alhali awon ne ya ƙure. Kafin gwaji na gaske a loda jerin 1, 2, 5, 10 da 20 µg na samfuri ɗaya, a auna ƙarfin layukan, a tsaya a inda ninka furotin ke ninka haske. Idan tsakiyar layi ya fito fari gefensa baƙi, HRP, enzayim ɗin da ke jikin antibodi na biyu, ya cinye sinadarin haske a wurin; a rage lodi, a ƙara tsarma antibodi zuwa 1:5000.

Ƙananan ɓangarori dokarsu daban. c da A6L suna wajen 8 kDa, IF1 wajen 10. Waɗannan na bukatar jel ɗin Tris da Tricine mai kashi 16, PVDF mai ƙofa 0.2 µm, da gajeren lokacin kwashewa. A takarda mai 0.45 µm sukan ratsa su wuce.

A tafasa samfurin ko kada a tafasa?

Alfa, beta da OSCP ba su damu da digiri 95 na minti 5 ba. MT-ATP6 da sauran masu ƙin ruwa kuwa zafi na dunƙule su, su maƙale a bakin rijiyar jel, layin ya ɓace. A ɗumama su a digiri 37 na minti 20 zuwa 30 kawai. Haka ma idan ana amfani da gaurayen antibodi biyar na sarƙar numfashi, wanda a nau'in dangin ɓera ke nuna ATP5A, wato alfa, a 55, UQCRC2 a 48, MTCO1 a 40, SDHB a 30 da NDUFB8 a 20 kDa. Idan layin 40 ya ɓace sauran huɗun suna nan, tafasawa za a fara zargi kafin a zargi cuta.

Takardar kamfani ta ce 60 kDa, ni kuma ina ganin 55. Antibodin ya lalace ne?

A'a. Ana ƙera alfa da amino asid 553, nauyi kusan 60 kDa, amma idan ya shiga mitokondiriya ana yanke guntun gabansa mai nuna masa hanya, ya koma wajen 55. Beta ma daga amino asid 529 yake komawa wajen 52 kDa. Siririn layi a sama da babban yakan zama wanda ba a yanke ba tukuna, kuma yana ƙaruwa idan an rusa cajin tantanin da magani irin CCCP, tunda shigar furotin ta dogara ga cajin. Layuka a ƙasa, kamar tsani, alamar samfurin ya ɗumama ne ko ya sha daskarewa da narkewa.

Da me zan daidaita lodi?

Tubulin yana 50 zuwa 55 kDa, HSP60 yana 60, duk sun yi kusa da alfa, don haka ba su dace ba. Don daidaita jimillar furotin, rinin Ponceau S a kan takardar kafin toshewa ya fi aminci, ko GAPDH a 37 idan gwajin bai taɓa ƙona sukari ba. Sai dai akwai tambaya ta biyu: ATP sintes ne ya ragu, ko mitokondiriyar ce ta ragu? Don wannan a ƙara VDAC1 mai kusan 31 kDa ko TOM20 mai kusan 16, dukansu furotin na tantanin waje na mitokondiriya. Raguwar alfa tare da VDAC1 labarin yawan mitokondiriya ne.

Shi ya sa ba ma goyon bayan a mai da ATP5A ma'aunin lodi a gwajin da ya shafi ƙarancin oksijin, ciwon suga ko sankara. Yana iya sauyawa tare da abin da ake aunawa.

Layina ya fito da kauri. Ashe enzayim ɗin yana aiki ke nan?

Bai nuna haka ba. SDS, sabulun da ake narka samfurin bulot da shi, na wargaza enzayim ɗin ɓangare-ɓangare kafin ya shiga jel. Ganin faifan injin niƙa a shago bai nuna an ɗaura shi a kan injin ba, balle a ce yana niƙa.

Don sanin ko ya haɗu, sai jel mai shuɗi wanda ba ya wargaza furotin, hanyar da Schägger da von Jagow suka fitar a 1991. A fara da tace mitokondiriya: a niƙa nama a bofa mai sukuros 250 mM, HEPES 10 mM a pH 7.4 da EGTA 1 mM, a juya a 600 zuwa 1000 g na minti 10 a zubar da tarkace, ruwan sama kuma a juya a 8,000 zuwa 10,000 g na minti 15. Sabulun narkarwa ne ke yanke abin da za a gani. Dijitonin, wajen giram 4 zuwa 6 ga kowane giram na furotin, yana barin tagwaye, wato ATP sintes biyu da ke manne da juna, a haɗe, sai a ga tilo a wajen 600 kDa da tagwaye a sama da 1,000. Dodesil maltosaid kashi 1 cikin ɗari yana raba tagwayen, kusan tilo kaɗai za a gani. Wanda ya yi amfani da maltosaid sannan ya ba da rahoton cewa tagwaye sun ɓace a samfurinsa, sabulunsa ne ya raba su. Jel mai gangare daga kashi 3 zuwa 12 ko 4 zuwa 16, a gudu a digiri 4, a sauya bofar shuɗi mai duhu da mai haske idan an ci sulusin tafiya. PVDF za a yi amfani da ita, domin rinin Coomassie na manne wa naitiroselulos ya ƙi fita. Bayan kwashewa a ɗauraye da metanol. Layin alfa a wajen 370 zuwa 400 kDa kan F1 ne da ya tsinke ko bai samu gindi ba, kuma ana ganin irin waɗannan guntaye a sel masu matsalar MT-ATP6. A yaran da ke da sauyi a ƙwayar gadon TMEM70, cikakken enzayim ɗin ne ke raguwa sosai.

Ba kowane antibodi da ya yi kyau a SDS ke yi a nan ba, tunda gurbin da yake kamawa na iya zama a lulluɓe. Jiƙa jel ɗin a bofa mai ɗan SDS kafin kwashewa yakan taimaka.

Aiki kuma sai an auna shi daban. Ana jiƙa jel mai shuɗi a ruwa mai ATP, magniziyam da gishirin dalma, farin gari ya taru inda enzayim ke fasa ATP. Ko a bi raguwar NADH a 340 nm tare da fairubet kaines da laktet dihaidirojines, a yi da oligomaisin, maganin da ke toshe gindin Fo, da kuma ba shi. Ratar da ke tsakani ita ce aikin enzayim mai haɗe da gindinsa. Sauyin m.8993T>G a MT-ATP6, mai jawo ciwon NARP da ciwon Leigh, misali ne mai kyau: alfa na iya fitowa daidai a bulot alhali ƙera ATP ya faɗi ƙwarai.

Me ke lalata hoton rini a madubin bincike?

A kafe sel da farafomaldihaid kashi 4 na minti 10 zuwa 15, mai ɗumi, domin sanyi kwatsam na gutsuttsura zaren mitokondiriya. A huda da Triton X-100 kashi 0.1 zuwa 0.2 na minti 10. Alfa da beta suna bayan tantani biyu, don haka sabulu mai laushi irin safonin sau da yawa ba ya kai antibodi gare su. Idan haske ya yi rauni, a ɗumama gilashin a bofar Tris 100 mM mai yuriya kashi 5, pH 9.5, digiri 95, minti 10. Antibodi 1:200 zuwa 1:500. Abin da ya kamata a gani zare-zare ne ko ɗige-ɗige a kewayen cibiyar sel, suna hawa kan TOM20 ko MitoTracker Red CMXRos, wanda ake sa wa sel tun suna raye. Haske a cikin cibiya ko wanda ya bazu ko'ina abin tuhuma ne.

A yankakken nama mai kakin farafin, a buɗe gurbi da sitiret pH 6 ko Tris da EDTA pH 9 na minti 20. Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba: mitokondiriya cike suke da enzayim masu biyotin, irin su fairubet kaboksiles. A hanta da ƙoda, hanyar abidin da biyotin na iya ba da rini mai siffar mitokondiriya sak ko da babu antibodin farko, kuma ɗumamawa na ƙara fito da shi. A yi amfani da na biyu mai folima, ko a toshe biyotin tukuna.

Ta yaya zan tabbatar abin da yake kamawa daidai ne?

Hujja mafi ƙarfi ita ce a rage ko a cire ƙwayar gadon, layin ya bi ta. Da siRNA, guntun RNA mai rage aikin ƙwayar gado, a jira awa 72 zuwa 96, domin waɗannan furotin na daɗewa kafin su ruɓe. Ga MT-ATP6 da MT-ATP8, sel marasa DNA na mitokondiriya su ne ma'auni. Ana renonsu da yuridin 50 µg/mL da fairubet. Inda babu halin wannan, a gwada antibodi biyu masu kama gurbi daban, a kuma nuna cewa layin na ƙaruwa a tatacciyar mitokondiriya yana raguwa a ruwan sel. Toshewa da feftaid ba ta kai waɗannan ba. Tana goge layin gaskiya da na ƙarya tare. A rahoto a rubuta kamfani, lambar kaya, sunan kulon, lambar zuba, tsarmi da lambar RRID, wato lambar rajistar antibodin.

Zai iya janyo enzayim ɗin gaba ɗaya daga samfuri?

Wasu na iyawa, in an ƙera su don kama furotin a siffarsa ta asali. A narka da maltosaid kashi 1 na minti 30 a kan ƙanƙara, ban da SDS. A ɗaure antibodin ga ƙwayoyin furotin G da DMP ko BS3, in ba haka ba babbar sarƙarsa za ta zubo ta rufe wurin alfa da beta. A saki da gilaisin pH 2.5.

Yana aiki a kan ƙwayoyin cuta da tsirrai?

Kada a ɗauka haka sai an gwada. Beta ne ya fi kama da juna tsakanin halittu, don haka a jera amino asid na gurbin da na halittar da ake nazari kafin saye. A ƙwayar Trypanosoma brucei, dangin masu jawo ciwon barci da sammoren shanu, waɗanda cibiyar binciken sammore ta Kaduna ke aiki a kansu, alfa a yanke yake gida biyu, akwai kuma ƙarin ɓangare p18 da dabbobi ba su da shi. A cikin jini ma enzayim ɗin baya yake juyawa, yana ƙona ATP don riƙe cajin tantani. Sannan jinin dabbar da aka ciro ƙwayar na ɗauke da nata mitokondiriya a fararen ƙwayoyin jini, waɗanda antibodin zai fi so. A ganye kuwa akwai ATP sintes na kuloroflas, antibodin beta na iya kama biyun.

Na ga rini a fatar sel ta waje. Gaskiya ne?

An ba da rahoton F1 a fuskar sel na hanta da na jijiyoyin jini, amma ana muhawara a kai. Farafomaldihaid kaɗai na iya ɗan huda sel, matattun sel kuma na zubar da mitokondiriya. A rina sel masu rai a digiri 4, a ware matattu da furofidiyam ayodaid, a haɗa da antibodin wani furotin na cikin mitokondiriya. Idan shi ma ya fito a waje, yoyo ne.

Yaya za a adana shi inda wuta ba ta tsayawa?

A bi abin da ke jikin kwalba, domin wasu an ce firij kawai, kada a daskarar. Wanda ake daskararwa a raba shi 10 zuwa 20 µL a ƙananan bututu tun ranar da ya iso. Daskarewa da narkewa a kai a kai sun fi kwana biyu na zafin hanya illa, kuma firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa haka take yi wa kaya kullum, kamar yadda firiza mai narkar da ƙanƙarar kanta ke yi. Giliserol kashi 50 na hana daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili. A ajiye bututun can ciki tsakanin robobin ƙanƙara, ban da ƙofa. Antibodin farko da aka tsarma ana iya maimaita shi sau da dama idan an ajiye a firij da sodiyam azaid kashi 0.02, kuma a BSA ya fi daɗewa a kan madara. Azaid ɗin dafi ne, yana kashe HRP, don haka kada ya shiga antibodi na biyu. Yana kuma toshe saitokurom c oksides da F1 kansa, saboda haka duk gwajin da zai sa antibodi a kan sel masu rai ko a awon aikin enzayim, a sayi marar azaid ko a tace shi da dayalisis kwana ɗaya a PBS mai sanyi.